Kansar huhu: alamomin da in ka gansu ba a jiran gari ya waye

Wata tara na yi ina jinyar kawuna, ƙanin mahaifiyata, a gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Kansar huhu ce, Allah ya jiƙansa ya sa ciwon ya zama kaffara. A cikin watannin nan sau huɗu ciwo ya rikice mana da daddare, kuma duk lokacin sai an yi gardama a tsakar gida, wannan ya ce a tafi yanzu, wancan ya ce a bari zuwa safe tunda dare ya tsala, ga ba mota ga ba kuɗi a hannu. Sau uku mun tafi. Sau ɗaya "a bari zuwa safe" ta yi rinjaye, kuma wallahi ita ce ta cinye mashi ƙafafu. Shi yasa na zauna na rubuta wannan, abun da likitoci da nas-nas suka koya mana ne da wanda muka gani da idonmu, ko Allah zai sa ya amfani wani mai jinya.

Ciwon nan ba ƙarami bane a duniya. A ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya ta 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da shi, kusan miliyan 1.8 suka rasu, ya fi kowace kansa kisa. Shan taba shi ne babban dalili, kusan kashi 85 cikin 100, amma wanda bai taɓa kai sigari baki ba shima yana kamuwa, mata da suka shekara suna shaƙar hayaƙin itace a madafi ko hayaƙin tabar miji basu tsira ba. Toh amma ba tarihin ciwon zan yi ba, maganar ranar da abu ya ɓaci nake son yi.

Mataki na farko: ka shirya tun lafiya lau

Ranar da aka ce maku kansa ce, ranar za a fara shiri. Ka samu jaka ɗaya ko leda mai kauri, ka zuba katin asibiti, duk sakamakon gwaji, hoton ƙirji, siti-sikan (hoton cikin jiki da ake ɗauka da babbar na'ura), takardar da ta nuna irin kansar, da kwalayen duk maganin da yake sha har na gargajiya in yana sha. Ka ɗauki hoton takardun a waya ka tura ma mutum biyu a gidan. A wata farar takarda ka rubuta da manyan baƙi: sunan ciwon, wane ɓangaren huhu ne, dama ko hagu, ranar da aka yi mashi kemo na ƙarshe (kemo shi ne maganin kashe ƙwayoyin kansa da galibi ake sawa ta jijiya), rukunin jininsa, da maganin da jikinsa baya so. Maganar dama ko hagu ka riƙe ta, za ka ga amfaninta a ƙasa.

Sai ma'aunin zafin jiki, ɗan tamomita na dijital da ake sayarwa a kyamis, wannan dole ne. In da hali a haɗa da ɗan abun nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna oksijin na jini. Tawul masu duhu guda biyu. Tocila. Kuɗi tsaba a ajiye gefe wanda ba mai taɓawa ko da cefane ya yanke, don ƙarfe biyun dare netwok na iya ƙin tura kuɗi kana tsaye gaban mai karɓa.

Sai mota. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ka sa a waya, amma ka tanadi taka hanyar. Mu maƙwabcinmu mai mota muka je muka samu tun da rana tsaka, muka ce Alhaji ga halin da ake ciki, in mun buga maka ƙofa cikin dare ka yi haƙuri. Muka kuma karɓi lambar mai Keke Napep ɗaya da ke kwana a unguwar. Daga cikin birni zuwa Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika tafiya ce, sai ka fita Ƙofar Doka ka ratsa Tudun Wada ka wuce Kwangila da Samaru, kuma a can ne sashen masu kansa yake. In numfashi ne ya tsaya ko jini ke zuba, ka fara tsayawa asibiti mafi kusa da kai da ka san suna da oksijin, wanda ke cikin birni yana da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, su fara taimaka mashi sannan a wuce. Ka binciki wannan tun yanzu, kar sai ran da kake ɗauke da mutum.

Abu na ƙarshe a shirin, kuma shi ya fi wuya: a zauna a gida a yarda da wanda zai yanke hukunci. A ce in wance ko wane ya ce a tafi, an tafi, ba sai an tashi Baba an kira Yaya da ke Kaduna an jira ra'ayin kowa ba.

Mataki na biyu: ka san yadda yake a ranar da yake lafiya

Ba za ka gane canji ba sai ka san asali. Yana zaune a natse, ka kalli ƙirjinsa ka ƙirga numfashi na minti ɗaya, na babba mai lafiya tsakanin 12 zuwa 20 ne. Ka duba oksijin ɗinsa ka rubuta, don wasu masu ciwon huhu dama nasu baya kai na sauran mutane, ka tambayi likitansa lambar da in ya sauka ƙasa da ita za ku taho. Ka lura yana iya zuwa masallacin ƙofar gida ko bayi kaɗai yake iya kaiwa. Wannan ne ma'auninka.

Mataki na uku: alamomin

Jini a tari. Kawu mutum ne mai cin goro, saboda haka da aka fara ganin ja a kakinsa kowa cewa ya yi ai goro ne, har shi kansa. Sati biyu muna kan goro ne. Abun da ya kamata mu yi mai sauƙi ne, ya kurkure baki ya tofa a farin tishu ko farin faranti a duba da haske. Jinin huhu ja ne jawur, sau da yawa da kumfa ko haɗe da majina, kuma tari ke kawo shi. Wanda ya zo da amai, baƙi-baƙi kaman garin kofi, daga ciki yake, shima na asibiti ne.

Ɗan zare-zaren jini a majina, a kira likitansa ko a kai shi a ranar. Amma in jini ne zalla ya kai cokalin shayi ko fiye, ko yana ta dawowa, ko ya zo da sarƙewar numfashi, jiri, bugun zuciya da sauri, toh a tashi yanzu. Wani likita ya yi mun bayanin da ban manta ba, ya ce hanyoyin iskan da ke ƙirjin babban mutum abun da suke ɗauka wajen mililita 150 ne, ledar fiya wata kuwa 500 ce, kaga ko kashi ɗaya cikin uku na ledar bai cika ba. Ma'ana jinin da a ido kaɗan ne ya isa ya toshe ma mutum numfashi, shaƙewa ke kisa tun kafin jini ya ƙare a jiki. Kuma ɗan jini yau na iya zama gargaɗin mai yawa gobe.

Kafin mota ta zo: kar a kwantar da shi rigingine. In yana iya zama ya zauna ya ɗan sunkuyo gaba ya riƙa tofarwa, kar a ce ya haɗiye ko ya danne tarin. In sai ya kwanta, a kwantar da shi kan gefen da ciwon yake, huhu mai ciwo a ƙasa mai lafiya a sama, don kar jinin ya gangara cikin mai lafiyar, nan ne amfanin sanin dama ko hagu. Kar a bashi ruwa ko abinci ko wani jiƙo. A sa tawul mai duhu, jini a kan farin zani na firgita mara lafiya da duk wanda ke ɗakin, firgici kuma na ƙara sarƙe numfashi. In yana shan asfirin, ibufrofen, diklofenak ko maganin tsinka jini, a faɗa ma likita da isa, waɗannan na ƙara zubar jini, kuma dama bai kamata a riƙa sayo mashi su a kyamis ba tare da sanin likitansa ba.

Numfashi. Mai kansar huhu dama yana haki, musamman da hunturu in ƙura ta taso, shi yasa ake saurin cewa ai sanyi ne. Wanda ke buƙatar gudu shi ne hakin da ya ƙaru farat ɗaya ko cikin kwana ɗaya biyu, yana zaune ba abun da yake yi amma yana kokawa da iska, baya iya ƙarasa magana ɗaya sai ya tsaya, aya ɗaya ta Fatiha sai ya yanka ta biyu ko uku. Numfashi ya haura 25 a minti abun damuwa ne, ya kai 30 ba jira. Oksijin ya sauka ƙasa da 90, ko ƙasa da lambar da likita ya baku, a tafi. Amma kar ka dogara da na'urar kaɗai, hannu mai sanyi da jan farce da baƙin lalle na rikita ta, kuma a baƙar fata wani lokaci tana nuna lamba sama da gaskiya. In na'ura ta ce lafiya amma idonka ya ga mutum na wahala, bi idonka. Ka buɗe leɓensa ka duba ciki da harshe da dasashi, in sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi iska bata isarsa. In kana jin wani ƙara mai kaifi kaman usur lokacin da yake jan iska ciki, babbar hanyar iska ce ke matsewa, wannan na minti-minti ne.

Dalilan suna da yawa, ruwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ƙarin ya toshe hanyar iska, nimoniya, huhu ya sace, gudan jini, ko ruwa ya taru a jakar da zuciya ke ciki ya matse ta, wanda shi sai ka ga mutum na neman suma, gumi mai sanyi, jijiyoyin wuya sun tashi. Kai a gida ba za ka iya bambancewa ba kuma ba aikinka bane. Naka ka zaunar da shi tsaye da matasai a baya ko ya jingina hannuwa kan tebur, a buɗe taga, a juya fanka ko mafici saitin fuskarsa, a kashe turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, a rage mutane a ɗakin.

Na Kawu ruwa ne. Da aka ce za a sa allura a gefen ƙirji a zuƙe, Inna ta fashe da kuka ta ce kar a huda mata ɗan'uwa, wai in aka taɓa kansa da ƙarfe bazuwa take. Na fahimci tsoronta amma maganar ba haka take ba. Aka zuƙe fiye da lita ɗaya, ruwa kalar shayi ba madara, ina tsaye ina kallon robar na cika, kuma kafin asuba mutumin da ya kwana uku a zaune ya kwanta ya yi barci har da minshari.

Kumburin fuska da wuya. Wannan na yaudara sosai don masu zuwa dubiya sai su ce ma sha Allah ya murmure ya yi kumatu. Akwai babbar jijiya a ƙirji da ke dawo da jinin kai da hannuwa zuwa zuciya, in ƙari ya danne ta sai jini ya taru a sama. Za ka ga fuska da fatar ido sun kumbura musamman da safe in ya tashi, maɓallin wuyan kaftani ya daina shiga, zobe ko agogo ya matse, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a wuya da ƙirji. In ya yi ruku'u ko sujada sai ya ji kai ya yi nauyi kaman zai fashe, jiri, ido ya yi duhu. In ka ga haka a kai shi a ranar. In ya haɗu da wahalar numfashi, dishewar murya, ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa, a tafi a take. Ya zauna kai a sama har a isa, ya yi sallarsa a zaune da nuni, addini ya sauƙaƙa ma mara lafiya.

Ciwon baya da nauyin ƙafa. A nan zan daɗe, don a nan muka yi kuskure. Kansar huhu na yawan zuwa ƙashi, har ƙashin baya, in ta kai nan tana iya danne lakar da ke ɗauke da saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Ciwon baya ke fara zuwa, wani lokaci makonni kafin komai. Ba irin ciwon bayan gajiya bane, yana ƙaruwa in ya kwanta, yana tashinsa cikin dare, in ya yi tari ko atishawa ko yunƙurin bayi sai ya soke shi, wani sai ya ce kaman an ɗaure shi da bel a ƙirji ko ciki. Kawu tela ne, shekara talatin a kan keke, saboda haka ciwon baya ba baƙo bane a wajensa, muka sayo man zafi muna shafawa.

Ranar wata Laraba da la'asar yana tahowa daga alwala silifas ɗinsa ɗaya ya fita a ƙafa, ya ci gaba da tafiya bai sani ba, yarinya ce ta ɗauko ta bi shi da shi. Da magariba ya kasa tashi daga zaman tahiya sai da aka kama shi. Da daddare ya ce ƙafafun sun yi mashi nauyi kaman ba nashi ba, fitsari kuma yana jin mararsa ta cika amma baya fita. Na ce mu tafi, aka ce kasala ce ta rashin cin abinci, a bari zuwa safe. Da safe aka ce bari a kira mai ɗori ya duba bayan. Sai ranar Juma'a muka isa asibiti, a ɗauke. Likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai tambaya yaushe ya daina takawa, da na faɗa sai ya yi shiru. Daga baya ya ce mun wanda aka kawo yana iya taka ƙafarsa galibi ana ceto tafiyar, wanda kuwa ya kwana biyu a shanye da wuya ta dawo. Kawu bai ƙara takawa ba.

Saboda haka dan Allah, mai kansa in ya yi sabon ciwon baya irin wanda na faɗa, a sanar da likita a ranar. In kuma aka ga ƙafa ta yi rauni, ko tana dindiris, ko yana tuntuɓe, ko baya jin taɓi a cinyoyi da tsakanin ƙafafu da wajen zama, ko fitsari ya riƙe, ko fitsari da bayan gida na zubowa bai sani ba, toh awanni ake ƙirgawa. Ba tausa, ba ɗori, ba taka baya, ba ƙaho. Kar a ɗora shi a acaɓa. A kwantar da shi a miƙe a kujerar bayan mota, mutum uku ko huɗu su ɗauke shi a tabarma mai kauri ko bargo ba tare da an lanƙwasa bayan ba. A asibiti suna fara bada wani magani mai rage kumburi, deksametason, a yi hoton MRI, sannan gashi da na'ura, wato a haska ma ƙarin wani haske mai ƙona shi, ko tiyata gwargwadon abun da suka gani.

Haka kuma in ƙashin cinya ko hannu ya yi ciwo mai tsanani farat ɗaya ya kasa ɗora nauyi, ko da bai faɗi ba, ƙashin da kansa ta ci na karyewa da kansa, kuma ba irin karayar da ake kai ma mai ɗori bace.

Zazzaɓi ga mai karɓar kemo. Mu nan duk zazzaɓi maleriya ne, a aika yaro kyamis a sayo magani a haɗa da Panadol. Ga mai kemo wannan ɗabi'ar na kisa. Kemo na karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi, a lokacin ƙaramar cuta na iya shiga jini ta kayar da mutum cikin awanni. In tamomita ta nuna 38 ko sama, ko ta sauka ƙasa da 36, ko yana rawar ɗari haƙora na haɗuwa, ko kawai ya yi laushi ba kaman jiya ba ko da jikin ba zafi, a tafi. A auna kafin a bada Panadol don yana ɓoye zazzaɓin. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a sa mashi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowa, ba sai an jira sakamakon gwaji ba. Yana iya zama maleriyar ce da gaske, toh a can za a gwada duka biyun.

Gudan jini. Kansa na sa jini saurin daskarewa, ga yawan kwanciya, ga doguwar tafiya a mota in ana zuwa Abuja ko Kano neman magani. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar, sha-raɓa na ciwo da zafi, kar a matsa kar a murza, tausa na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. In ya tafi sai ka ga haki na farat ɗaya, ciwon ƙirji mai suka in ya ja numfashi, zuciya na gudu, wani har suma. Duk ciwon ƙirji sabo mai tsanani ma dai na asibiti ne a take.

Kai da hankali. Ciwon na iya zuwa ƙwaƙwalwa. Ciwon kai sabo da ya fi tsanani da asuba, amai ba dalili, gani biyu-biyu, baki ya karkace, hannu ko ƙafar gefe ɗaya ta mutu, magana ta harɗe, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. In yana jijjiga a kawar da abun da zai buge, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura ruwa ko rubutu, in ta lafa a juya shi kan gefe. A duba agogo, ta wuce minti 5 ko ta dawo bai farfaɗo ba hatsarin ya ƙaru, amma ko ta minti ɗaya ce in ta farko ce sai an kai shi.

Akwai kuma ruɗewar da ke shigowa a hankali, ita ce aka fi kai wa wajen masu ruƙiyya. Mutum ya fara yawan barci, sambatu, baya gane 'ya'yansa, sai a ce jinnu ne ko sammu ko kuma a ce ai tafiya ce ta zo a fara kiran dangi. Sau da yawa sinadarin kalsiyam ne ya yi yawa a jini, alamarsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, bayan gida ya ɗaure kwana da kwanaki, tashin zuciya. Ko kuma gishirin jini ne ya sauka, wanda aka fi gani a nau'in kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi. Duka biyun gwajin jini ɗaya ke nuna su kuma ana gyara su. Kawu ya yi na kalsiyam, kwana biyu yana kiran Inna da sunan mahaifiyarsu da ta rasu tuntuni, aka yi mashi ƙarin ruwa da allura, rana ta uku ya buɗe ido ya ce Yaya ina hulata. Addu'a kam ba a barinta, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

In yana shan mofin ko tiramadol don ciwo, a lura: barcin da ba a iya tashinsa, numfashi ya yi jinkiri ƙasa da 10 a minti, ƙwayar ido ta tsuke kaman kan allura, maganin ne ya yi yawa, a daina bashi a kai shi, akwai allurar da ke warware shi. Masu karɓar sabbin magungunan nan masu tada garkuwar jiki kuma, sabon tari da haki ko gudawa mai yawa a wajensu abun kai wa ne da wuri, kuma a faɗi sunan maganin.

Mataki na huɗu: a hanya da bakin ƙofar asibiti

Mutum biyu ko uku sun isa rakiya, ɗaya mai ƙarfin ɗauka, ɗaya wanda ya san tarihin ciwon, in da wanda zai iya bada jini ya biyo baya don ana iya buƙata. A ɗauki jakar. A buɗe gilashin mota. In kuna da lambar likitansa ko nas ɗin sashen a kira tun a hanya.

Kai tsaye sashen gaggawa za ku, imajansi, kar ku je layin ganin likita na yau da kullum. Mu Hausawa muna da doguwar gaisuwa da kunyar gaggauta babba, sai ka ga mutum ya fara labari tun daga bara. Ka yi sallama ka faɗi mai nauyin farko: likita, kansar huhu gare shi, an yi mashi kemo kwana goma da suka wuce, zafin jikinsa 38.5. Ko: sista, mai kansar huhu ne, tun la'asar ƙafafunsa suka mutu kuma fitsari ya riƙe. Ka miƙa farar takardar nan. In jini ne ka faɗi yawansa da abun da aka sani, cokali nawa, rabin kofin shayi, ko ka nuna hoton da ka ɗauka. Ka faɗi gaskiya kan duk jiƙo da garin maganin da aka bashi, ba don a yi maka faɗa ake tambaya ba, wasu na taɓa ƙoda da hanta kuma suna canza abun da za a sa mashi. In kun zauna kun ga yana ƙara lalacewa, ka koma ka sake faɗa cikin ladabi, ko sau uku ne.

Kafin a sallame ku ka tambaya: me ya faru, zai iya dawowa, in ya dawo me za mu yi a gida kafin mu iso. Ka rubuta amsar a bayan takardar.

Ga wanda ba a riga an ce kansa gare shi ba

Yawancin masu ciwon nan a wajenmu da tarin fuka ake fara ɗaukarsu, don alamun kusan ɗaya ne, tari, rama, jini, gumin dare, kuma tibi, wato tarin fukar, ta fi yawa nesa ba kusa ba. Tari ya wuce sati 2 a je a yi gwajin majina, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ga babbar cibiyar tarin fuka da kuturta nan a Saye. Amma in gwaji bai nuna tibi ba, ko an fara maganin wata 6 ɗin an yi wata 2 ana sha ba fashi kuma ba sauƙi sai ƙarin rama, musamman ga wanda ya haura 40 ko ya daɗe yana shan taba, a koma a ce likita ko za a ƙara bincike, a nemi siti-sikan. Dishewar murya da ta ƙi tafiya, ciwon kafaɗa da ke sauka hannu, nimoniya da ke ta dawowa wuri ɗaya, kan yatsu ya kumbura farce ya lanƙwashe, duk a ambata. Alamomin gaggawar da na lissafa a sama kuwa basa jiran sai an sa ma ciwo suna, wasu ma da su ake fara gane shi.

In ciwo ya yi nisa

Akwai lokacin da likita zai ce maganin warkewa ya ƙare sai na sauƙaƙawa. A lokacin a zauna da shi mara lafiyan in hankalinsa na nan, a tambaye shi abun da yake so, a kuma tambayi likita ƙarara wanne ne in ya faru zuwa asibiti zai amfane shi, wanne ne za a iya kula da shi a gida. Ko a wannan matakin zuƙe ruwan ƙirji, sa robar fitsari in ya riƙe, gyara kalsiyam da maganin ciwo mai ƙarfi duk suna kawo sauƙi na gaske, kar a ce tunda ba warkewa a bar shi yana murƙususu. A tabbatar maganin ciwon baya yankewa, in ya rage na kwana uku a je a karɓo, kar a bari Juma'a ta yi da kwalba ba komai.

Jakar Kawu tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Inna. Takardun mun cire, tamomita da na'urar yatsan da tawul ɗin kuwa watan jiya muka ba wata maƙwabciyarmu da aka fara yi ma mijinta kemo, na rubuta mata lambar mai Keke Napep ɗin a jikin ledar.